Wayar Da Na Ba Mama Ta Sace Min Kunne

Ƴan uwa, ku gyara zama, yau sai na amayar da abin da na daɗe ina haɗiyewa. Masu turo min saƙo kuna cewa wai don me nake wahalar da Kafinta, bawan Allah mai haƙuri, na ji ku, kuma ban yi fushi ba. Ba ku san abin da ke ƙarƙashin ɗankwalina ba ne. Shi kansa bai sani ba sai ranar Laraba.

Ba na ji sosai. To, na faɗa.

Ina shekara goma sha ɗaya wani zazzaɓi ya kwantar da ni mako biyu, da ya tashi tafiya ya tafi da fiye da rabin jina. Abin da nake ji da shi yanzu wasu ƴan na'urori ne guda biyu, kowacce ba ta kai ƙaramin yatsana ba, suna maƙale a bayan kunne da ɗan siririn zare mai shiga ciki. Ni ƴan biyuna nake ce musu, ta dama da ta hagu. Da safe in ciro su daga ɗan akwatin cajinsu, in saka, in ja ɗankwali ya rufe, in ɗora mayafi. Allah Ya saka wa Baba da alheri, shi ya tsaya tsayin daka har aka samo min irin masu haɗuwa da waya ta bulutut. Idan an kira ni, muryar kai tsaye take zubowa cikin kunnuwana. In babu wannan, waya a wurina hayaniya ce kawai. Ina jin ana magana amma ban san me ake cewa ba, tunda babu leɓen da zan kalla.

Shi kuwa Kafinta, a shagon da nake aiki muka haɗu, inda muke buga katuna da takardu. Ya zo a yi masa katin sana'a, ya tsaya yana min gardama a kan launin ruwan ƙasa, wai wanda na zaɓa launin katakon banza ne. Sau huɗu yana dawowa a kan kati ɗaya. A na huɗun ne mai shagon ya leƙo ya ce, "Malam, katin ne bai yi ba, ko mai katin ce ta yi?" Wata takwas ke nan yau.

Za ku ce me ya hana ni gaya masa? Gwaggo ce. Yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu da zama tun rasuwar mijinta. Kuma ba zan ce ƙiyayya ba ce, don ita ta share min hawaye lokacin da wanda ya fara nemana ya ji labarin kunnena, ya ce zai yi shawara, har yau yana can yana shawarar.

"Kar ki kuskura, Auta," haka take cewa tana nuna ni da carbi. "Ki ja bakinki ki yi shiru sai an ɗaura. Bayan nan ko ƙafar katako ya tarar da ke, shi ya sani, ai kafinta ne."

Mama ba ta taɓa cewa eh ko a'a ba. Sai dai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ninke kayan wanki.

Masifar ta faro ne ranar da na sayi sabuwar waya. Na haɗa ta da ƴan biyuna tun a shago, komai ras. Tsohuwar na ba Mama har da tsohon layina a ciki, don ta daɗe tana son ganin hotunan jikokinta. Kwana ɗaya ta yi tana fama da shafe-shafe, ta ce ita wannan abu ya fi ƙarfinta, ta jona ta a caji a saman kabad ɗin falo, ta koma wa ƴar ƙaramarta mai madannai.

Daga ranar kuwa na shiga uku. A shago, lafiya lau. Ina shiga gida sai sabuwar wayar ta nuna min ƴan biyuna sun ɓace. Wani lokaci ta hagu ta leƙo ta koma, ta dama kuwa ko ƙeyarta. Shi kuma Kafinta ba ya kira da rana, injin yanka katako ba ya bari, sai ya rufe shago bayan magariba, daidai lokacin da nake gida.

Babu abin da ban yi ba. Na kashe bulutut na kunna ya fi sau hamsin. Na kashe wayar gaba ɗaya. Na mayar da ƴan biyuna akwatinsu, na ƙirga goma, na ciro. Na goge manhajarsu na sake saukewa. Na goge ƴan ramukansu da ɗan buroshi, ko datti ne. Na tsaya jikin taga, na tsaya tsakar gida, har kan kujera na hau ina ɗaga waya sama, Gwaggo ta leƙo ta ce ko aljanu ne suka taɓa ni. Ga wani abin tsoro kuma: lokaci zuwa lokaci sai in ji "ɗin!" a cikin kaina, in duba wayata, babu saƙon kowa. Na ce shi ke nan, ragowar jin ne yake min sallama.

Idan ya kira, sai in manna waya a kunne in yi ta lalube cikin duhu. In ji muryarsa ta hau, in ce "to." In ji ta sauka, in ce "haka ne." In ji ya yi shiru, in ce Mama na kirana. In na rubuta masa saƙo ya ce shi rubutu ba ya ƙosar da shi, yatsunsa ma sun fi haruffan girma. Wallahi ina ajiye wayar nake kifa kaina a matashi.

Ranar Talata ga abin da ya rubuto, shi da ba ya rubutu:

"Kwana tara ina magana ni kaɗai. Idan na zame miki kaya ki faɗa min. Ba zan yi miki dole ba."

Na nuna wa Gwaggo saƙon. Ta ɗora tabarau ta karanta, ta taɓe baki.

"Ki ce masa wayarki ce ta lalace."

"Na faɗa sau uku, Gwaggo."

"Ki faɗa na huɗu. Ƙarya ce? Ai wayar ce."

Laraba da sassafe na roƙi mai shagonmu hutun yini, na zura doguwar rigata ruwan toka wadda ko guga ban yi mata ba, na nufi asibitin kunne. Akwai wata baiwar Allah a can da ke duba min na'urorin tun ina makaranta, Anti nake ce mata. Ɗan ofishinta ba ya canzawa: hoton cikin kunne a bango, kwalin audugar goge hannu, da kofin shayin da kullum take mantawa har ya huce. Halinta ɗaya da nake so, ba ta taɓa yi min magana tana kallon wani wuri ba.

Ta karɓi ƴan biyuna ta ɗora a kan na'urarta, ta duba, ta saurara, ta mayar min. Ta kira lambata daga inda take zaune. Muryarta ta shigo min tar a kunnuwa biyu.

"Lafiyarsu ƙalau," ta ce.

Sai na fashe da kuka. Ku ji fa, an ce maka kayanka lafiya, kai kuma kana kuka. Ta miƙo min auduga, ta bar ni na yi mai isata.

"To share, mu bi abin a hankali. A ina suke yankewa?"

"A gida."

"A gida kaɗai? A mota fa? A kasuwa?"

"A gida kaɗai, Anti."

"Ko'ina a gidan?"

Na yi tunani. "Ran nan da na je can bayan gida shanya, sun dawo na ɗan lokaci."

Ta ajiye bironta. "Yaushe kika sayi wayar nan?"

"Kwana goma."

"Ina tsohuwar?"

"Na ba Mama."

"A kunne take?"

"Tana kan kabad a ca..." Ban ƙarasa ba. Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi.

Anti ta yi dariya har tana dafa tebur. Ta ce irin nawa waya ɗaya suke riƙewa a lokaci guda, kuma wadda ta riga miƙo hannu ita suke bi. Tsohuwar ta san su shekara uku, ban kuma ce mata ta manta da su ba. Ina taka ƙofar gida take cafke su, sabuwar ta tsaya tana hamma. Wannan "ɗin!" da nake ji kuwa, saƙonni ne ke shiga tsohon layina.

"Kin ba da gida ba ki karɓi makulli ba," ta ce. Ta rubuta min a ƴar takarda: in shiga saitin tsohuwar, in nemo sunan na'urorin a ƙarƙashin bulutut, in danna wurin da aka ce a manta da su. Sannan in mayar da su akwati, in ƙirga goma, in ciro kusa da sabuwar.

Har na kai ƙofa ta kira ni, ta jira sai da na juyo na ga bakinta.

"Wannan kukan ba na waya ba ne. Wanda kike son ji ɗin, ya sani?"

Na girgiza kai.

"Hm," ta ce kawai, ta ɗauki shayinta da ya huce. Allah Ya biya matar nan, Ya raya mata zuriya.

Wajen sha biyu da rabi na iso gida. Ina tura ƙofa na ji ɗan kukan da ƴan biyuna ke yi idan sun kama waya. Na ce a raina, ɓarauniya, yau asirinki ya tonu. Ban yi taku uku ba sai ga muryar Kafinta a tsakiyar kaina.

"Salamu alaikum. Na turo ta tsohon layinki ne, ko a nan za ki saurare ni."

Innalillahi! Jakata ta faɗi. Na waiga hagu, na waiga dama, na zaci mutumin yana bayana. Babu kowa a tsakar gida sai bokiti da igiyar shanya. Na lallaɓa na leƙa ta labulen falo.

Jama'a, me zan gani? Gwaggo ce zaune a tsakiyar doguwar kujera, tabarau a kan karan hanci, tsohuwar wayata a hannu. Mama na gefe ta miƙa wuya. Ashe saƙon murya ya turo, sun ga sunansa ya fito a fuskar wayar, Gwaggo ta ce bari a ji abin da yaron nan ke faɗa wa Auta. Ta danna, ga layin saƙo yana tafiya, amma ko tari wayar ba ta yi musu ba. Duk maganar tana kunnena.

"Ban san laifin da na yi ba," yake cewa, ina jin ƙarar titi a bayansa. "Na zauna na bi kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya, ban gano ba. In gaya miki an ba ni aikin kujerun makaranta guda, ki ce min to. In gaya miki ƙusa ta shige min ƙafa, ki ce haka ne. Da ba haka kike ba. Da ko numfashi na canza sai kin tambaya. Yau ko aiki ban iya yi ba, allo biyu na ɓata. Zan zo bayan la'asar. In kin daina sona ne, ki faɗa min ina kallonki, zan iya ɗauka. Wannan to ɗin ne ba zan iya ba."

"Kai, wannan waya bebiya ce!" in ji Gwaggo, tana girgiza ta kamar kwalbar magani. "Ƙara mata murya."

"Ya kai ƙarshe, Yaya," in ji Mama.

"To sake dannawa."

Suka sake. Sau uku suna dannawa, sau uku ina tsaye a bayan labule ina jin ƙusa ta shige masa ƙafa na ce haka ne. Ga dariya ta cika min ciki, ga hawaye har wuya. Matsalar da ta hana ni sukuni kwana tara, yau ita ta tsare min sirrina daga Gwaggo. Na ce Allah na gode, ko a nan aka tsaya.

Na ɗaga labule na yi sallama. Gwaggo ta tura wayar ƙarƙashin cinya da sauri.

"Au, har kin dawo? Hotunan yara muke nema."

"Kawo in gyara muku, Gwaggo."

Na bi takardar Anti layi-layi. Da wayar ta tambaye ni ko na tabbata a manta da su, na danna eh da ƙarfin da ya kusa fasa gilashin. Na cire ƴan biyuna a gabansu, duniya ta yi tsit, na sa su a akwati na ƙirga goma. Ina mayarwa sabuwar wayata ta nuna su su biyu, dama da hagu, kowacce da ɗigonta kore. A cikin falonmu! Na kusa rungumar kabad.

Daga nan na yi abin da ban shirya ba. Na ajiye tsohuwar wayar a kan tebur na ce, "Kuna son jin saƙon? To ku ji." Na danna.

Wannan karon muryarsa ta cika falo. Muka saurara har ya gama. Gwaggo ce ta fara gyaran murya.

"To ai shi ke nan, tunda an gyara. Ya zo ki ba shi haƙuri, ki ce waya ce. Ki kuma ja ɗankwalin nan, kunnenki a waje."

"A'a, Yaya."

Mama ce. Sai da na kalli bakinta don in tabbatar.

"Ɗan mutane yana can yana tuhumar kansa a kan laifin da bai yi ba. Ni na yi jinyar yarinyar nan, ni na san daren da jinta ya tafi. Ba sata ta yi ba da za mu yi ta ɓoyo. In zai gudu ya gudu yau, tana ɗakina ina ganinta. Kar ya gudu tana ɗakinsa."

"In ya tafi kar a zo min da kuka," in ji Gwaggo, amma muryarta ta yi laushi.

"Wurinki za ta zo kuwa," Mama ta ce. "Wa ya fi ki iya rarrashi?"

Shekara goma sha uku ina jiran wani ya faɗi wannan a gidanmu. Na durƙusa na ɗora kaina a gwiwar Mama, ta ce in tashi in yi wa rigar nan guga, kar in fita kamar wadda aka kora.

Bayan la'asar ya zo. Farar riga ce a jikinsa amma ga garin katako a gashin girarsa, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Muka gaisa a ƙofar gida kamar baƙi. Na ga ya buɗe baki zai fara, na ce ya dakata. Na tura ɗankwalina baya, na ciro ta dama, na ɗora a tafin hannuna na miƙa masa.

"Da wannan nake ji. Akwai ɗaya a nan. In babu su, ko kana ihu rabi zan kama."

Na gaya masa komai, zazzaɓin, da mai shawara, da wayar kan kabad. Ina magana ina kallon takalmansa. Da na ɗago, na'urar yake kallo, ya ƙi taɓawa. Ya ce wani abu a hankali, ta ɓangaren da babu komai, ban kama ba. Ya lura. Ya zagayo ta hagu.

"Na ce ki mayar. Ba zan yi magana kina jin rabi ba."

Na mayar.

"Wata takwas," ya ce. "Ni ba kunnen ne ya dame ni ba. Wata takwas kina kallona a matsayin wanda zai gudu, shi ne ya yi min zafi."

"Ka yi haƙuri. Tsoro ne."

"Na sani." Ya shafa fuska, garin katakon ya zubo. "To ƙusar fa? Da gaske ba ki ji ba?"

"Wallahi sai yau. Sannu. Ka je an duba?"

Sai ya yi wata ƴar dariya, ya juya kai gefe, na ga yana ƙifta ido da sauri. "Yauwa," ya ce. "Ke ce wannan."

Amma bai tsaya ya yi min daɗin baki ba, kuma na gode masa da hakan. Ya ce shi dai yana nan inda yake. Sai dai mahaifiyarsa, ita ta riƙe shi ita kaɗai tun yana goye, bai taɓa ɓoye mata komai ba, ba kuma zai fara da ni ba. Yau zai gaya mata, kafin ta ji a bakin wani. Abin da ta ce, zan ji.

"Ki bar wayarki a kusa," ya ce. Ya tafi yana ɗingishi.

Alhamis da safe na yi shirin aiki amma na kasa fita. Ina zaune a falo da mayafi a kafaɗa, shayi na hucewa a gabana, waya a cinya. Mama na goge kabad ɗin da ta riga ta goge. Gwaggo kuwa, mai cewa kar a zo mata da kuka, ta jawo kujera har gwiwarta na taɓa tawa, carbi na gudu a hannunta.

Takwas saura kwata ƙararrawa ta buga a kunnuwana biyu. Ba lambarsa ba ce. Na ɗauka.

"Salamu alaikum," in ji wata dattijuwar murya, a nutse, tana ajiye kalma ɗaya bayan ɗaya. "Mahaifiyarsa ce. Ya gaya min komai jiya. Ina da magana da ke, kuma ba na son ko ɗaya ta faɗi ƙasa. Kina ji na, yarinya?"

Gwaggo ta damƙe hannuna. Ban san me ke tafe ba, alheri ko akasinsa. Na dai san ko mene ne, da kunnena zan ji shi, ba wanda zai fassara min.

"Ina jin ki, Mama," na ce. "Tar nake jin ki."